Matatar Iskar da Uzairu Ya Jefar

Uzairu mutumin wani ƙauye ne kusa da Chinade, amma ya daɗe da tarewa a Azare. Ba malalaci ba ne, kuma ba ya cin haƙƙin kowa. Aibinsa guda ne: ba ya bari a kai ƙarshen magana. Da ka faɗi rabin zance zai ce ya gane, ya kakkaɓe riga ya yi gaba.

Shekara tara yana dakon amfanin gona da amalanke da bijimai biyu, ja da fari. Rannan ya ce ya gaji da tafiyar shanu. Ya sayar da su ga Maikuɗi, wani manomi na ƙauyensu, ya haɗa da ɗan abin da ya tara, ya sayi tsohuwar a-kori-kura ta hannu wadda ta ratsa mutum uku kafin ta zo gare shi. Matarsa Zinatu ba ta ɓoye ba, ta ce ita kam ta fi natsuwa da bijiman. Amma an riga an sayar. Daga ranar, motar nan ce abincin gidan.

Ana shiga kaka motar ta fara sanyi. Tana tashi lafiya, tana tsayawa lafiya, amma da an ɗora mata buhuna sai ka taka totur har ƙasa tana nishi kawai. Baƙin hayaƙi na fita ta salansa, ga shan mai kamar ana zubarwa. Har masu keke sukan wuce shi a hawa.

Ya kai ta garejin Malam Sha'aban a hanyar Misau. Malam Sha'aban tsohon makanike ne mai sanyin hannu, wanda ba ya taɓa sifana sai ya gama tambaya. Ya tambayi yaushe abin ya fara, da kaya take yi ko ba kaya, da safe ne ko sai ta yi zafi, wane irin hayaƙi take yi. Uzairu yana amsawa yana duban hanya. Tsohon ya kwance fulogi ya ga sun yi baƙi da hayaƙi, ya goge ya mayar. Ya duba matatar mai, ba ta toshe ba. Ya gwada kuloci, yana kamawa. Ya sa tafin hannu a bakin salansa, iska na fita yadda ya kamata. Sannan ya buɗe murfin da ke saman inji ya zaro matatar iska, wani zagayayyen abu mai naɗin takarda. Ta cushe da ƙasa da ƙaiƙayi da maiƙo, ta yi tauri. Ya ɗaga ta a rana, ko ɗigon haske bai ratsa ba.

Ya ajiye ta gefe, ya ce wa Uzairu ya je ƙarshen kwalta ya dawo, ba tare da ita ba. Ai kuwa motar ta zabura. Uzairu ya dawo baki har kunne, yana dukan sitiyari.

"Malam, ka gama aiki! Ashe wannan banzar ce ta shaƙe min mota."

"Ban gama ba, Uzairu. Gwaji na yi. Cirewar ta nuna mana inda ciwon yake, ba ita ce maganin ba. Wannan ta mutu, an hura ta har ta gaji. Sai an sa sabuwa."

Aka leƙa shagon Chibuike, mai sayar da kayan mota a gefen garejin. Babu irin tata, amma ya ce zai sa a aiko daga Kano, jibi ta iso. Malam Sha'aban ya ce a ajiye motar kwana biyun nan, domin injin da ba shi da matata duk abin da ke cikin iska shi zai haɗiya. Ya fara bayanin abin da yashi ke yi wa cikin inji, Uzairu ya ce ya gane. A ransa kuwa lissafi daban yake yi: abin da aka cire mota ta warke, don me za a nemo ɗan'uwansa a mayar? Ya jefa tsohuwar matatar a bayan mota ya tafi. A gida Zinatu ta ɗauke ta ta mai da ita mazaunin tulu.

Jibi ta yi, matata ta iso, Chibuike ya kira shi a waya har sau uku. Uzairu ya ce yana hanya. A tasha ma har wa'azi yake yi wa direbobi, wai matatar iska dabarar masu shago ce, shi ya jefar da tasa ga motarsa tana tashi sama. Wasu suka yi dariya, wani dattijo ya kaɗa kai.

Sati shida yana zirga-zirga tsakanin Azare da ƙauyukan Chinade. Hanyoyin rairayi ne zalla. A masussuka kuma yakan bar injin a kunne kusa da injin casa, ƙura da ƙaiƙayin gero na tashi ana loda masa buhuna. Da farko komai lafiya. Daga baya ya lura yana ƙara baƙin mai duk kwana uku. Hayaƙin ya koma shuɗi. Ƙarfin ya fara tafiya kuma, wannan karon a hankali. Ya buɗe bonet ya tsaya yana dube-duben abin da zai sake cirewa, bai ga ko ɗaya ba.

Wata Laraba da hantsi, ɗauke da buhu ashirin na riɗi, injin ya yi wata ƙara kamar ana daka a turmi, ya mutu a tsakiyar rairayi. Uzairu ya kira Malam Sha'aban a waya, ya zo a kan babur. Ya zura yatsa a maƙogwaron injin ya fito da shi da dattin yashi. Ya zaro sandar gwajin mai, ya murza man tsakanin yatsu biyu, ya kama hannun Uzairu ya shafa masa. Man yana kartar fata saboda yashi.

"Ka ji? Sati shida kana ba shi wannan. Ya cinye ringi, ya cinye fistin, yanzu ya buga. Ba gyara ba ne kuma, sai wani injin."

Uzairu ya ce a hankali, "Malam, in an sa sabuwar matatar fa? Tana nan wajen Chibuike."

"Tana nan. Abin da za ta tsare ne babu."

Ba motar da za ta shigo rairayin nan ta ja shi. Aka aika ƙauye mafi kusa neman shanu, sai ga Maikuɗi ya iso da bijimai biyu, ja da fari. Aka sauke riɗin mutane aka ɗaura igiya. Bijiman suka ƙi motsi da muryar Maikuɗi, har sai da Uzairu ya yi musu tsawar da suka saba ji shekara tara, sannan suka sa ƙarfi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya kau da kai don kada a ga idonsa. Motar tana nan a ƙofar gidansa kan duwatsu huɗu. Shi kuma yana lodin buhuna a motocin wasu a tasha.

Darasi: Gano inda ciwo yake daban, warkar da shi daban. Sauƙin da ka ji nan take ba shi ne shaidar an gama ba, kuma ba duk abin da ya takura maka ne abin jefarwa ba, domin wani tsare ka yake yi. In ka kai matsala wurin masani, ka zauna ya kai aya. Uzairu ya ji rabin da ya yi masa daɗi, ya ƙi jiran kwana biyu, ya rasa mota bayan ya rasa shanu.