Ɗan Farin Tabawa da Jan Hasken Gajimare

Dalilin da ya sa gajimaren da ke tsakanin taurari yake fitowa jawur a hotunan masu madubin hangen nesa, yara, ba gobara ce ta kama shi ba. Kunya ce ta jawo, kuma ni duk sanda na tuna sai jikina ya yi sanyi.

A da can, gajimaren nan baƙi ne ƙirin, ga sanyi, ga kauri har murya tana tafiya a cikinsa. Mazaunansa ƙwayoyin zarra ne, 'yan mitsi-mitsin abubuwan nan da aka gina komai da su, kowace da goyonta a baya. Goyon nan shi masana ke kira ilektiron.

Akwai wata a cikinsu mai suna Tabawa, 'yar dangin Haidurojin. Su danginsu ɗa ɗaya tak suke haifa, saboda haka kowane yaro ɗan fari ne. Kun kuwa san al'ada, uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Na Tabawa ma abin biyu ne, don sunan marigayi kakansa aka sa masa. "Kai wane" kawai take ce masa. Yaron kuwa shafal yake, sai an tara irinsa kusan dubu biyu kafin su kai nauyinta, ga rawar kai kamar me.

Wata rana aka haifi sabuwar tauraruwa a tsakiyar gajimaren, mata suka ɗunguma zuwa barka. Tabawa ta bi bayan surukarta, Iya Yalwa, tare da maƙwabciyarsu Kande, 'yar dangin Hiliyam mai 'ya'ya biyu.

Ko zama ba su yi ba jaririyar ta buɗe ido. Wani haske mai zafi ya fito daga cikinta, irin wanda ba su taɓa gani ba, ya doki taron. Tabawa ta ji majanyinta ya tsinke. Ta kai hannu baya, ta ji wayam. Ta juya a firgice, sai ta ga ba ita kaɗai ba ce. Yara dubbai sun zube daga bayan iyayensu suna ta watsuwa, kuma duk kamanninsu ɗaya sak. Ashe ba ta taɓa lura da haka ba, tunda kullum nata a bayanta yake.

Ƙaramin ɗan Kande ma ya suɓuce. Ita kuwa nan take ta ɗaga murya, "Ɗanlami, dawo nan." Yaron ya juyo ya haye bayanta.

Tabawa ta ce, "Kai wane, zo."

Yara dubu suka waiwayo a tare, don kowannensu wane ne a gidansu.

Kande ta girgiza ta. "Ki kama sunansa mana, Tabawa. Ba kya ganin suna nisa?"

"A gaban Iya?" in ji Tabawa.

Iya Yalwa ta dafa kafaɗarta. "'Yar nan, na yafe miki, kira shi. Ni sunan mijina ne, shekara hamsin bai taɓa fita daga bakina ba. Ke ce za ki iya."

Tabawa ta buɗe baki, kunya ta riƙe mata harshe. Ba wani dogon lokaci ba ne fa, numfashi ɗaya ne. A cikin numfashin nan jaririyar tauraruwa ta fesa iskarta ta farko, ta kwashe kaurin gajimaren ta watsa shi. Sai a lokacin Tabawa ta runtse ido ta ƙwala sunan da iya ƙarfinta.

Ba abin da ya fito. Ta sake, shiru. Ta dubi Kande, ta ga bakinta na motsi amma ba ta jin komai. Abin da ke ɗaukar murya ya tafi. Ta tsaya sororo, hannu a ka, ga 'yan uwanta mata birjik kowace tana ihun da ba mai ji.

Tun daga ranar suke bin yaran. Yaran ba sa nisa da iyayen, don jini na jansu, amma sun fi su sauri nesa ba kusa ba. Wannan cakuɗar ta iyaye da 'ya'ya a warwatse ita masana ke kira filazma. In Tabawa ta yi sa'a ta cafke ɗaya ta jefa shi baya, murna kan sa ta saki wani ɗan jan haske. Kafin ta gyara majanyi, hasken tauraruwa ya sake fizge shi.

Shi ya sa har yau gajimaren yake ja, iyaye ne ba adadi ke cafkewa ana ƙwace musu. Tabawa kuwa, duk yaron da ya hau bayanta sai ta waiwaya ta faɗa masa sunan nan, ta maimaita, ba kunyar kowa. Wataƙila ta goya nata sau dubu. Ba ta sani ba, shi ma bai ji ba.