Maganar Kyanwa Guda Ɗaya

Dalilin da ya sa kyanwa ba ta da magana sai guda ɗaya tak, ku gyara zama in faɗa muku, don a da ba haka take ba. A da ko aku bai kai kyanwa surutu ba. Kuma Basakkwata ce, ba ta cewa "me", sai "mi".

A wani ƙauye an yi wani manomi, Nomau, da matarsa Tumba. Allah ya ba su amfanin gona, amma ɓeraye suka addabi rumbunsu, har dawar da suka ware ta iri ba su bari ba. Ana cikin haka sai ga Kyanwa ta faɗo gidan, ta biyo ayarin masu jakuna daga yamma. Ta yi sallama, ta leƙa rumbu, ta girgiza kai.

"Uwar gida," in ji ta, "in kin yarda mu yi ciniki. Ni in tsare hatsi, ke kuma duk miyar da kinka yi a sam mini."

Tumba ta ce, "In dai wannan ne, kin samu."

Kafin wata ya mutu ɓeraye sun yi ƙaura. Kyanwa ta yi ɓulɓul, gashinta har sheƙi yake. Sai dai fa gidan ya rabu da ɓeraye ya gamu da baki. Da gari ya waye za ta iske Tumba a madafa: "Mi anka dafa yau?" In an ba ta, ta lashe kwano tas, sannan ta ce gishiri ya yi yawa. In Nomau ya tashi daga kan buzunsa, kafin ya juyo ta haye ta miƙe, tana ba shi labarin abin da maƙwabta suka ce a kansa. Suna haƙuri, saboda rumbu.

Ran nan mahaifiyar Nomau, Inna Marka, ta zo ganin gida. Tumba ta ɗora miyar kuka da naman kaza don ta fita kunyar suruka. Garin gaishe-gaishe miya ta kama, ta ƙone ƙurmus. Tumba ta leƙa ta katanga ta roƙi maƙwabciyarta, aka miƙo mata tukunyar miyar kaza guda a ɓoye.

Aka zauna cin tuwo. Inna Marka ta kai loma, ta lumshe ido. "Kai, 'yar nan, hannunki da albarka."

Tumba ta sunkuyar da kai. Sai Kyanwa ta ɗago daga kwanonta.

"Inna, albarkar ta maƙwabta ce. Tamu tana bayan ɗaki, ko kaji sun ƙi ta."

Tumba ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Nomau ya daka tsawa: "Ke Kyanwa, rufe mana baki!"

"Maigida, mi na yi? Ba kai ba ne shekaranjiya ka ce miyar matarka ta fi ta Inna nesa ba kusa ba?"

Inna Marka ta ajiye lomar da ke hannunta. "Nomau, haka ka ce?"

"Inna, kada ki ɓata rai," in ji Kyanwa. "Ci abinki. Ga ma cinyar kazar da kinka ƙulle a haɓar zane tana ɗiga."

Ai kuwa gida ya kacame. Inna Marka ta ce a nemo mata jaki ta koma garinsu. Tumba ta shige ɗaki tana kuka, tana ɗaure kayanta. Nomau ya rasa wadda zai fara bai wa haƙuri, sai ya ɗauki muciya ya bi Kyanwa har bayan gari. Da ƙyar ya shawo kan uwarsa da matarsa suka zauna.

To, ɓeraye ba sa rasa labari. Kwana kaɗan suka dawo da 'ya'ya da jikoki. Ga damina ta ƙarato, ga irin shuka yana ƙarewa a kan idonsu. Nomau ya dubi rumbu, ya dubi sama, ya ce, "In iri ya ƙare, bana mun kaɗe. A dawo da Kyanwa."

Tumba ta ce, "Malam, da bakin nan nata? To, ta shigo ta ƙofa in fita ta ƙofa."

Inna Marka ce ta raba gardama. Ta sa aka kira Kyanwa, aka same ta a gindin wata tsamiya ta rame, duk ƙaya a jiki.

"Ke Kyanwa," in ji tsohuwa, "baki shi ke yanka wuya. Muna son aikinki, ba ma son zancenki. Za ki dawo, amma daga yau magana ɗaya aka yarje miki. Zaɓi wadda kike so, ki rantse a kanta."

Kyanwa ta zauna ta naɗe wutsiya. Ta lashi hannu, ta shafa fuska, ta sake lasa, har Nomau ya fara ƙosawa. Can sai ta ce, "Na zaɓa. Miyau."

Nomau ya kwashe da dariya. "Duk maganganun duniya, sai yawun baki?"

"Maigida, ba ka iya ciniki ba. In na ce mi yau, tambaya na yi, mi anka dafa. In na ja ta, miyaaa, kira na yi a zubo. In an daɗe ba a zubo ba na ce miyau, to, shi ne ya tsinke mini. Kun ba ni ɗaya, na tafi da uku."

Tumba ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ci ƙarfinta.

"Saura nawa sharaɗin," in ji Kyanwa. "Tun da kun rage mini baki, ni ma na rage kunne. In kun kira, sai na ga dama. Abin da kuma ba ni da bakin faɗi, hannuna ya faɗa."

Ba su gane wannan na ƙarshen ba sai washegari. Tumba ta makara da abinci. Kyanwa ta haye kan bango inda aka ajiye ƙwaryar nono, ta dubi Tumba ido cikin ido, ta sa hannu a hankali ta ture ta. Sannan ta sauko ta lashe.

Shi ya sa har yanzu za ka yi ta kiran kyanwa har muryarka ta dushe, ta kaɗa maka kunne ɗaya ta ci gaba da barcinta, amma ka taɓa murfin tukunya ka ga ta iso. Ku dai ku gode wa Inna Marka. Da kyanwarku ta gidan nan tana da sauran bakinta, da tuni na san wanda yake shan mini madarar gari da cokali.