Goron Madugu Jatau

A zamanin da, wani sarki ya kafa doka cewa duk falken da ya shigo birni, kada ya sayar da komai sai ya kai takardar kayansa gidan Ma'aji, an yanka masa haraji, an buga hatimi.

Ana nan sai Madugu Jatau ya iso da huhunan goro. Ya kai takardarsa wurin Malam Kallamu, magatakardan Ma'aji, ya durƙusa ya ajiye goron gaisuwa, don ba a zuwa gaban manya hannu rabbana.

Malam ya ɓare ɗaya, ya ce, "Madalla, Madugu. Ka dawo jibi."

Jibi ya dawo, aka ce Ma'aji yana fada. Ya sake dawowa, aka ce tawada ta ƙare. Kullum da goronsa, kullum ana sa masa albarka. Shi kuwa goro ba ya jiran hatimi. Ganye ya bushe, tsutsa ta fara shiga. Jatau yana yayyafa ruwa, yana tsince ruɓaɓɓu, hankalinsa a tashe, har ya yanke cewa gaisuwarsa ce ta yi kaɗan. Bawan Allah, sai ya ƙara.

Ran nan aka kira shi fada. Ashe Sarki ne ya nemi goro aka rasa a kasuwa, Waziri ya ce ai goron Jatau yana can zango yana jiran hatimi. Ga Malam Kallamu da mutanensa a gurfane.

Malam ya ce, "Allah ya ba ka nasara, aiki ne ya yi mana yawa. Wannan mutum ma ban shaida shi ba."

Waziri ya ce, "To, Malam, ku yi wa Sarki murmushi."

Suka yi ta noƙewa, dogarai suka matso. Da suka buɗe baki, sai ga haƙora jawur, a garin da Sarki kansa ya rasa goro.

Sarki ya sa aka buga hatimi nan take, ya ce Malam Kallamu ya sayi duk goron da ya ruɓe a farashin sabo. Ya kuma ce duk takardar da Juma'a ta riske ta ba amsa, an yafe harajinta, Ma'aji ya biya.

Jatau ya karɓi takardarsa, ya faɗi ya yi godiya. Sai hannunsa ya tafi aljihu, ya fito da farin goro, ya miƙa wa Waziri.

Waziri ya ce, "Mayar da abinka, Madugu, kada ni ma in ce ka dawo jibi."