Ragon Raki Mai Ƙaho Ɗaya

Akwai wata baiwar Allah mai suna Sa'adiya, 'yar Ringim, da ta zo Manchester karatun digiri na uku. Suna zaune a wani ƙaramin flat a unguwar Levenshulme, ita da mijinta Nuru da 'yarsu Raki mai shekara huɗu. Sa'adiya mace ce mai ƙoƙari, wannan ba mai musu. Halinta ɗaya ne: ba ta son a ga kasawarta, ko da a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

A farkon sanyin wannan shekara mahaifiyarta, Inna, ta rasu a gida. Sa'adiya ba ta samu zuwa ba. Ta sha kukanta a banɗaki, ta wanke fuska, ta koma jami'a. Raki kuwa, wadda a hannun Inna ta yi wayo, tun daga ranar ta rage magana. Ba wanda ya zaunar da ita ya ji abin da ke ranta. Cewa ake yi ai yarinya ce, za ta manta.

Lokacin ne gwamnati ke ta tsuke bakin aljihu. Council, wato ƙaramar hukuma, ta zaftare kuɗin nursery ɗin su Raki, har fenti da takardar ado suka gagara. Da Disamba ya kama, malamarsu Monica ta roƙi iyaye su riƙa kawo kwalin ƙwai, tsofaffin safa, murfin kwalba, duk abin da za a zubar. Ta ce kowane yaro zai haɗa wani abu daga bikin gidansu, ranar da za a yi hutu kuma ya tashi gaban iyaye ya ba da labarinsa.

Wasu suka yi bishiyar Kirsimeti, wasu fitilun Diwali, bikin Indiyawa. Karimu, ɗan wata Bahaushiya 'yar Kumasi mai suna Abibatu, ya yanka jinjirin wata da farantin takarda. Raki ta ce ita rago za ta yi.

Ranar Juma'a aka ba yara kayansu su kai gida su bushe. A bakin ƙofa Monica ta ce wa Sa'adiya, "Ta zuba duk zuciyarta a kansa. Ki tambaye ta labarinsa."

Sa'adiya ta ce to, idonta na kan waya, supervisor, malamin da ke duba bincikenta, ya turo gyara.

Sai a gida ta dube shi da kyau. Kwalin ƙwai ne aka lafta wa auduga, gam har ya yi dabbare-dabbare. Ido ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Ƙaho kuma ɗaya tak.

"Raki, ina ɗayan ƙahon?"

"Babu."

"Kawo in sa miki."

Raki ta rungume abinta. "A'a Mami, haka yake."

Jama'a, a nan ne fa ya kamata uwa ta durƙusa ta ce, "Me ya sa haka yake?" Ba ta ce ba. Sai ta juya kan Nuru: "Yanzu wannan tarkacen za a ajiye da sunan 'yata gaban Turawa da Indiyawa? A ce 'yan Afirka ko rago ba su sani ba?"

Nuru ya ce, "Haba Sa'adiya, ki bar wa yarinya abinta. Ba thesis ba ne."

Ina! Ta riga ta ƙudura. Ta kira ƙawarta Jamilatu a Birmingham, mai sana'ar ƙawata wurin biki, ta ce a haɗa mata rago na kece raini. Ranar Laraba ya iso ta post, fari tas, da ƙaho biyu masu ruwan gwal.

Da safiyar Alhamis, ranar bikin, Sa'adiya ta ɗauki ragon kwali daga kan taga ta tura shi cikin bin ɗin shara da Nuru ya fitar bakin titi. Raki ta tashi ta duba taga, ta duba ƙarƙashin gado, ta dawo ta tsaya tana kallon uwarta.

"Ga wanda ya fi shi," in ji Sa'adiya. "Maza sa rigar sanyinki, kar bas ya wuce mu."

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Wallahi gara ta yi.

A aji, iyaye sun takure kan 'yan kujerun yara, ana ruwa a waje. Kowa ya shigo sai ya tsaya gaban ragon gwal. Abibatu ta ce, "Maman Raki, wannan rago kamar daga shago!" Sa'adiya ta yi murmushi. Monica kuwa ta dubi ragon, ta dubi Raki.

Karimu ya tashi da watansa karkatacce, ya ce ranar Sallah babansa na ɗora shi a kafaɗa su tafi idi. Aka tafa masa. Sai aka kira Raki.

Ta tsaya, hannayenta a baya, ta ƙi taɓa ragon. Monica ta durƙusa ta lallaɓa ta. Can Raki ta ce, "It's not mine." Ba nata ba ne.

Sai ta juya wajen uwarta ta koma Hausa, irin Hausar da ta koya a bakin Inna.

"Wannan ba Guntu ba ne. Guntu ƙahonsa ɗaya. Ɗayan ya karye kafin Sallah, yana jini, Inna ta ce ba za a yi layya da shi ba. Ta ce nawa ne, za ta riƙe min har in dawo." Sai ta ƙara da cewa, "Mami, yanzu wa yake ba shi dusa?"

Mutum biyu ne kaɗai a ɗakin suka ji abin da ta ce, Sa'adiya da Abibatu.

Nan take Sa'adiya ta tuna. Sallarsu ta ƙarshe a gida, ita tana Abuja neman biza, Raki na wajen Inna. Da ta dawo ta ga wani rago a tsakar gida an ɗaure masa kai da tsumma, ba ta ko tambaya ba. Ashe abin da ta kira tarkace, shi ne ta'aziyyar da 'yarta ke yi wa kanta, tun da ba wanda ya yi mata.

Monica ta matso ta ce a hankali, "Tun rasuwar kakarta ba ta yi min doguwar magana ba sai a kan ragon nan."

Abibatu ta kama hannun Sa'adiya. "Tashi ki je, 'yar'uwa, wataƙila motar shara ba ta zo ba. Zan riƙe Raki."

Ta fita cikin ruwa ba lema, ta bi Stockport Road da gudu. Ta tarar da bin ɗin a bakin titi, murfi a buɗe, wayam.

Tana tsaye a wurin ta kira ƙaninta Ɗanjuma a Ringim. Ta ce ya ɗauko mata hoton rago mai ƙaho ɗaya.

Ya ce, "Ayya, Yaya. Ai shi aka yanka ranar sadakar ukun Inna."

Guntun da ya rage a duniya ke nan, na kwali, ita ta jefar da shi da hannunta.

Da yamma Abibatu ta kawo Raki gida, da leda cike da ragowar kwalin ƙwai da auduga daga wajen Monica. Sa'adiya ta zauna a ƙasa gaban 'yarta, ta faɗa mata gaskiya duka, har da maganar sadakar, ta ce, "Ki yafe min, Raki. Na yi miki laifi."

Raki ta daɗe tana tunani. Sai ta ce, "To Inna ce ke ba shi dusa."

Suka zauna haɗa wani. Sa'adiya ta yanka ƙaho biyu kafin ta ankara. Raki ta ɗauki ɗaya ta manna, ta bar ɗayan a tafin hannun uwarta.

Ragon ya zauna kan taga har Sa'adiya ta gama karatu. Amma har suka bar Manchester, duk abin da Raki ta haɗa a makaranta, a aljihun rigar sanyi take ɓoye shi, sai babanta ya dawo daga aiki take fito da shi.

Darasi: Kafin ka gyara abin da yaro ya yi, tambaye shi me yake nufi. Abin da ka gani a matsayin kuskure, wataƙila shi ne duk abin da yake son faɗa maka. Kada tsoron "me mutane za su ce" ya sa mu zubar da zuciyar 'ya'yanmu, don da-na-sani ƙeya ce, kuma amanar yaro in ta tsage ba gam ɗin da ke mayar da ita yadda take. Ku tura wa duk uwa da uban da kuka sani, ko Allah zai sa wani ya durƙusa ya saurari ɗansa yau.