Dattin Gurza a Gonar Maharazu

Akwai wani manomi, Malam Maharazu, a wani ƙauye tsakanin Funtua da Malumfashi, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. Shi ke riƙe da gandun gidansu, shi da ƙanensa Sada. Gonar ta gaji, damina biyu rumbu bai cika ba. Sada ya faɗa masa gaskiya, in bana ma haka ne, zai kwashe iyalinsa ya tafi Kaduna neman aikin masaƙa.

Maƙwabcinsu Atu kuwa dawarsa koriya shar. Maharazu ya lura duk rani jakunan Atu na dawowa daga gidan gurzar auduga na Funtua, mangala cike da dattin da ake zubarwa.

Matarsa Mairo ta ce ya je ya tambayi yadda ake yi. Ya harare ta.

"Ni zan tambayi Atu noma? A gabana fa aka yanka ragon sunan yayansa."

Mutumin naku ya sa jakuna, ya kwaso dattin ɗanye, ya shimfiɗe gona da shi, ya yi shuka. Abin da bai gani ba shi ne ramin bayan gidan Atu, inda dattin ke kwana shekara guda da toka da kashin awaki, har ya ruɓe ya yi baƙi.

Da ruwa ya sauka, dattin ya ɗau zafi. Shuka ta fito rawaya, ta tsaya cak, ciyawa ta rufe ta. Abin tausayi, wallahi. Kaka ta zo, damin da suka ɗaure bai kai na bara ba.

Sada bai yi faɗa ba. Ya durƙusa ya yi sallama, ya hau mota da mata da 'ya'ya. Gandun da ubansu ya bari ya watse.

Atu ya zo jaje, ya ga ɗanyen dattin a kunyoyin gonar, ya girgiza kai.

"Baba, ai ruɓaɓɓen ya yi mini yawa bana. Na so in kawo maka, na ji tsoron ka ce raini ne."

Hawaye kawai suka zubo wa Maharazu.

Darasi: Matambayi ba ya ɓata, girman kai kuwa rawanin tsiya ne. In ka ga abu ya yi kyau a gonar wani, tambayi yadda ya yi, ko da ɗan cikinka ne. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani gida ya tsira.