Haƙorin Azurfar Inna Kuluwa

"Wai Kuluwa, kin san abin da ke bakinki zaiba ne, irin wadda masu haƙar zinariya ke aiki da ita?"

Tasalla na tankaɗe a bayan rumbu ta ji maƙwabciya ta yi wa surukarta, Inna Kuluwa, wannan tambaya. A rediyo aka faɗa, in ji ta, wasu na cewa guba ce, wasu na cewa ba komai.

Shi cikon azurfar nan na haƙorinta ya shekara arba'in. Inna na amarya haƙorin taunarta ya rube, mijinta marigayi Malam Barau ya goya ta a keke har birni aka cike shi. A hanyar dawowa ya saya mata rake, ya yi ta tsokanarta da "Mai Azurfa", sunan da ya kira ta da shi har ya koma ga Allah.

Tun daga ranar tambayar Inna ta daina tauna, sai kunu. Gefen ya kama ciwo, ta rame. Ta tara 'ya'yanta uku ta ce, "Ina tsoron haƙorin nan, kuma ba na son rabuwa da shi. Wanda ya tsirar da mu, ni da shi, keken babanku nasa ne."

Da ciwo ya tsananta, maƙwabciya ta kira wanzami. Sallau, babban ɗa, ya yar da fartanya ya sheƙo daga gona, ya tarar an riga an sa awartaki a baki. Ya riƙe hannun wanzamin gam. Da ya makara kaɗan, da haƙori ya tafi.

Ɗanlami, na tsakiya, ya ce sai asibiti. Damina ce, rafi ya kawo, direbobi sun ƙi tsallakawa. Ya goya ta, ruwa har ƙirji, tana dukan kafaɗarsa tana cewa, "Kai, ja'iri, ubanka ma a keke ya ɗauke ni!" Ba don shi ba, da ba ta ga likita ba.

Likita ya ce masana na ta muhawara kan zaibar, wurare da yawa an koma farin ciko, amma cikon azurfar da bai tsage ba gara a bar shi. Sai dai tunda nan take nunawa yana ciwo, zai fasa cikon ya duba. Tanimu, auta, mijin Tasalla, ya ce, "Likita, a fara duba na bayansa." Aka duba, sai ga rami. Aka cike shi da fari, na azurfa ko taɓa shi ba a yi ba.

Tasalla ce ta lura, kullum in ta kai kunu, harshen Inna can baya yake zuwa. Ita ta raɗa wa mijinta da safe tana miƙa masa hula, kanta a sunkuye.

Yanzu Inna na zaune a tabarma tana gurgurar aya, azurfa na ƙyalli in ta yi dariya. An fito da keken an goge shi, kowane ɗa na kawo hujjarsa. Tasalla ta ajiye musu ruwa, ta koma ɗaki. Ta ƙudurta ba wanda zai ji daga bakinta.

To, ku da kuka ji har abin da Inna ba ta ji ba, wa za a miƙa wa keken?