Nomau Baduku da Ɗan Kwikwiyonsa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani ƙaramin gari can da, tun lokacin da ladan ke kiran salla da muryarsa kawai kuma kowa ya ji. Sunansa Nomau. Baduku ne, yana ɗinka kube da takalma a zaurensa, ba shi da yawan magana.

Wata rana ya dawo daga gona da ɗan kwikwiyo a cikin hularsa. A bakin rafi ya tsince shi, uwar ta mutu. Ya ce zai raine shi ya riƙa kore masa birai daga gona.

To, ku saurara. Ɗan kwikwiyon nan cizo gare shi. Ya ciji yatsa, ya ciji diddige, ya ja bakin riga. Haƙoran kamar allura. Nomau kan wanke hannu sau nawa kafin ya yi alwala, har sahun farko ya fara wuce shi. Maƙwabta suka ce ya yi yadda aka saba: ya shafa barkono a yatsa ya ba shi, ko ya kwaɗe masa baki da sanda sau biyu, shi ke nan. Nomau ya ce a'a, dasashinsa ne ke ƙaiƙayi, kuma bai samu uwar da za ta nuna masa iyaka ba.

Ana nan sai kwikwiyon ya cafki ƙafar Tasalla mai fura. Ƙwarya ta faɗi, fura ta zube, ga ɗan jini a idon sawu. Ta wuce kai tsaye wurin mai unguwa. Mai unguwa ya yanke: nan da kasuwa biyu, in bai daina ba, a kai shi bayan gari a kashe.

Kun san abin da Nomau ya yi? Ya taɓa lura da 'yan kwikwiyo suna wasa, in ɗaya ya ciji ɗan uwansa da ƙarfi, wancan sai ya yi ƙara ya bar wasan. Sai shi ma ya koma yin haka. Dattijo da furfurarsa, in an cije shi sai ya yi 'yar ƙara, ya janye hannu, ya juya baya ya yi shiru. In kwikwiyon ya natsu, ya miƙa masa guntun fata da ya jiƙa ya tauna. Safe haka, yamma haka. Masu wucewa suna leƙe suna dariya, suna cewa Nomau ya zama uwar karnuka. Tasalla kuwa in ta zo wucewa sai ta ce, "Baba Nomau, yaya mai jego?" Shi dai murmushi.

Ranar ta zo. Aka taru ƙarƙashin tsamiya a ƙofar mai unguwa. Kwikwiyon na kwance lamo, ba wanda zai ce yana cizo. Da Nomau ya ce ya daina, da magana ta ƙare. Ku riƙe wannan.

Mai unguwa ya ce, "To Nomau, ya daina?"

Nomau ya nuna hannunsa. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, bai gama dainawa ba. Jiya ma ya kama ni a nan. Sai dai a da jini yake fitarwa, yanzu yawu kawai yake bar mini."

Mai unguwa ya ce shi ya riga ya yi magana, sai in mai ƙara ta janye. Tasalla ta matso ta dubi hannun dattijon, duk tsofaffin tabo, ba sabo ko ɗaya. Ta ce ita dai a iya saninta ba ta taɓa ganin wanda ya kai ƙarar kansa ba. "A bar masa abinsa. Amma furata sai ya saya kullum." Aka yi dariya, Nomau ya ɗauki kwikwiyonsa ya tafi gida.

'Yan uwana, irin mutanen nan sun yi mana ƙaranci. Ga darasin a fili: haƙuri da ƙaramin da bai san yana cutarwa ba, da faɗin gaskiya ko da za ta raba ka da abin da kake so. Mu dubi gidajenmu. Jariri ya ciji nono, mu ɗalle masa baki. Yaro ya yi ɓarna, mu rarumo bulala kafin mu tambayi me ke damunsa. In aka tambaye mu ko ya gyaru, mu rantse ya gyaru don kada a ce mun kasa. Nomau dabba ya yi wa wannan haƙurin. Mu da aka ba amanar 'ya'yan mutane, me za mu ce? Allah ya sanyaya mana hannu, ya daidaita mana harshe.